Saƙon Hajiya Mai Minti Huɗu

Ni mutum ce mai mantuwa. Na manta rabin abin da aka koya mini a lakwal, wato makarantar boko, na kan manta inda na ajiye makullin ɗaki alhali yana hannuna, amma Juma'ar da na shiga gidan masu goro a Djougou da kwali a ka, ita kam ba zan taɓa mantawa da ita ba. Kuma ba don ban gwada ba. Na gwada.

Bari in fara da sana'ata don ku gane yadda aka yi. A Banikanni nake zaune, cikin Parakou, ɗaki ɗaya da kwamfuta ɗaya. Zane nake yi: katin biki, katin suna, kalanda, jakunkunan rabo, da mafitan roba masu hoton ango da amarya waɗanda ake raba wa mata a wurin biki. Ba ni da shago, ba ni da ubangida. In zana, in kai wa masu bugawa, in karɓo, in kai wa mai shi. Na iya aikina, wannan ba yabon kai ba ne. Abin da ban iya ba shi ne mutane.

Gajen haƙuri gare ni tun ina ƙarama. Idan kana da magana, faɗe ta. To mutanenmu ba haka suke ba da aiki ba. Mace za ta turo maka saƙon murya, vokal kamar yadda muke cewa, na minti biyar. Minti biyu gaisuwa: ina kwana, ya gida, ya mutanen Parakou, ya zafi, ya wanda ya ji jiki bara. Minti ɗaya labarin yadda aka samu mijin. Sannan can wajen ƙarshe, ana soya wani abu a bayanta, ta ce, "Af, katin nan fa, kore muke so." Wane kore? Guda nawa? Yaushe? Wannan sai vokal na gaba. Akwai wata da ta canza ranar suna a cikin vokal na shida, ni kuwa a na huɗu na gaji. Na buga kati ɗari biyu da tsohuwar rana. (Mai hankali zai ce wannan ya koya mini sauraro har ƙarshe. Ni abin da ya koya mini shi ne in daina sauraro gaba ɗaya.)

Ana nan sai aka yi wani horo na kwana uku don matasa masu aikin kansu. Wani saurayi ya zo daga Cotonou da riga mai guga, ya nuna mana manhajar tsara aiki. Allo ne a waya ko kwamfuta, an raba shi layi-layi, kowane aiki katinsa daban, kana jan katin daga wannan layi zuwa wancan yadda aikin ke tafiya. Akwai fom da za ka tura wa mai ba ka aiki ya cike: suna, rana, launi, adadi, hoto. Yana cikewa kati ya fito da kansa a allonka. Har saƙonni za ka iya rubutawa ka ajiye, manhajar ta riƙa tura su da kanta a ranar da ka ce, kana barci ko kana wanka.

Wallahi ji na yi kamar an yi wannan abin don ni kaɗai. A mako ɗaya na gina allona. Layi huɗu: Sabon Aiki, Ana Zane, Wurin Bugawa, An Kai. Na ƙara na biyar da kaina, na sa masa suna Surutu. Nan nake jefa duk vokal ɗin da ya wuce minti ɗaya, da niyyar in saurara "in na samu sarari". Na kuma shirya amsa guda wadda nake dannawa da yatsa ɗaya: "An karɓa. Duk wani canji a cike fom. Mun gode." (Mun. Ni da wa? Ni da fankar ɗakina.)

Gaskiya ɗaya ce, abin ya yi aiki. Wata huɗu ban rikita rana ba, ban rikita launi ba. Na fara barci da kyau. Har na soma yi wa sauran masu zane wa'azi a wurin bugawa, ina cewa wanda bai da allo wasa yake yi. Na ji da kaina sosai a watannin nan.

Yanzu ga Gwaggo Safiya. Ƙanwar babana ce, ita ta riƙe ni a Djougou bayan rasuwar mahaifiyata har na gama lakwal. Ba ta da ɗa, mijinta ya daɗe da rasuwa. Abin da take da shi a garin nan guda ɗaya ne: ita ce arwankar gidan masu goro, wato ita ake kira ta yi wa amarya wanka, ta shirya ta, ta riƙe hannunta zuwa ɗakin miji. Gidan babba ne, tun kakanninsu masu fataucin goro, ƙofa ɗaya amma sassa kamar unguwa. Shekara talatin duk 'yar da aka aurar a gidan, hannun Gwaggo ne ya zuba mata ruwa. Ba sana'a ba ce da za ka ce tana ci da ita. Matsayi ne. Idan ta shiga gidan, yara su tashi, matan gida su ce "Gwaggo ta iso," a shimfiɗa mata tabarmar kusa da Hajiya Mariyama, uwar gidan.

Da aka sa ranar Nafisa, 'yar Hajiya, da Bashiru, ɗan wan babanta da ke sashen da ke kallon nasu, Gwaggo ta je da ƙafarta ta roƙa a ba ni aikin kayan rabo. Sun saba kai aikinsu Cotonou. Ta ce musu ɗiyarta ta fi 'yan Cotonou. Sannan ta kira ni.

"Ke, na sa fuskata a gidan Hajiya saboda ke."

"Gwaggo, mafitai ne fa, ba gada zan gina ba."

"Na san bakinki. Idan Hajiya ta kira ki, ki gaishe ta yadda ake gaida manya. Ki bar ta ta gama magana."

"To."

"Ba 'to' ɗin nan naki ba. Na ce ki bar ta ta gama."

Na ce to na biyu, na tura fom. Hajiya ba ta karatun boko, don haka Nafisa ce ta cike, ta sa lambarta. Mun yi aji ɗaya da ita shekara biyu, yarinya mai sanyi, irin wadda ke ba ka biro ta manta ba ta karɓa ba. Auren soyayya ne, kowa ya sani. Bashiru yana bin kasuwannin shanu na Borgou, kuma an ce duk ranar kasuwa sai ya dawo mata da wagashi a leda, cukun Fulanin nan. Hoton da ta saka a fom, a waya aka ɗauka, suna tsaye jikin mota, shi yana dariya ita tana kallon ƙasa. Na gyara hasken, na sa furanni a gefe, na rubuta a ƙasa: Allah Ya Bar Mu Tare. Mafici ɗari uku.

Saboda aikin na manya ne, na ce bari in nuna musu zamani. Na shirya wa amarya saƙon ƙirgen kwana, kullum ƙarfe takwas na safe: "Amarya, kwana bakwai ya rage," da hoton zobe da zuciya. Washegari shida. Haka har Lahadi, ranar ɗaurin aure. Na kuma shirya cewa duk sanda na ja katin zuwa An Kai, bayan minti goma sha biyar saƙon neman ra'ayi ya tafi. Ɗan Cotonou ya ce a bar wa mutum lokacin buɗe kaya. Nafisa kullum sai ta amsa da 'yar zuciya ja.

Ranar Laraba da la'asar ina wurin bugawa, ina faɗa da mai injin saboda ya mayar mini da ruwan zuma ruwan ƙasa, sai ga vokal daga wayar Hajiya. Minti huɗu da daƙiƙa goma sha biyu. Na danna, na kara a kunne. "Salamu alaikum, ɗiyar Safiya. Ina wuni. Ya gida, ya aiki..." Muryar a dishe. Na ce a raina mura ce, ko ta kwana tana ba masu girki umarni. Na tsayar, na jefa shi Surutu, na danna amsata. An karɓa. Duk wani canji a cike fom. Mun gode.

Gwaggo ta kira sau biyu a yammacin nan, sau ɗaya ranar Alhamis. Na katse duka ukun, na rubuta mata "Ina aiki, zan kira." Gwaggo ba ta iya karatu ba. Na sani. Shekara goma sha biyu na yi a ɗakinta ina karanta mata takardar asibiti. Zauren hirar dangi na waya kuwa na daɗe da kashe masa murya, don ba abin da ake turawa sai addu'ar safe da hoton jarirai. Ranar Alhamis 'yar zuciya ja ba ta zo ba. Na lura. Na ce amarya ta shiga lalle, hannu a ƙunshe.

Juma'a da sassafe na shirya. Ankon bikin na saka, atamfa ruwan lemo mai ƙyalli wadda ake hangowa daga wata unguwa, na ɗaura ɗankwali kamar jirgi zai tashi, na yi ja-baki. Na manna mafici ɗaya a jikin kwalin ta waje da salatif, don a ga aiki tun kafin a buɗe. Na shiga motar Djougou da abin ji a kunne, ban yi wa kowa magana ba har muka isa.

A tasha na tsayar da ɗan zem, mai babur ɗin haya, na faɗa masa gidan. Ya dube ni, ya dubi kwalin, ya dubi hoton.

"Hajiya, can za ki? Ai gidan nan..."

"Malam, tuƙi na ce ka yi ko labari?"

Ya ɗaura kwalin, ya kai ni. Da na sauka ma ya buɗe baki zai sake magana, na riga na juya. Har yau ina tuna fuskar mutumin nan. Allah ya aiko shi, na ce masa ya yi tuƙi.

Ƙofar gidan cike take. Rumfunan tamfol guda uku, fararen kujerun roba, motoci da babura har bakin masallaci, hayaƙin girki yana tashi ta bayan katanga. To ku gaya mini, a garuruwanmu rumfar biki da rumfar makoki wa ke bambanta su? Mai haya ɗaya ne, kujerun ɗaya ne, tukwanen ɗaya ne. Abin da ke bambanta su fuskokin mutane ne, ni kuwa ban kalli fuskar kowa ba. Na ga maza zaune da carbi, ba kiɗa, na ce Juma'a ce, dattawa ne, dama su ba su iya murna ba. Na ciro waya a nan bakin ƙofa, na ja katin Nafisa zuwa An Kai, don ina son ganin layi ya zama fanko. Na ɗora kwali a ka, na ratsa ta gaban dattawan da "sannunku" guda ɗaya, na shige.

Tsakar gidan mata ne maƙil a kan tabarmi, kowa da hijabi ko mayafi mai duhu. Wasu na ƙulla masar sadaka a leda. Ni kuma na tsaya a tsakiya kamar an kunna fitila, na ɗaga murya na ce, "Salamu alaikum mutanen biki. Ina amaryar ta ɓuya? Ta fito ta ga mijinta, na kawo mata shi ɗari uku."

Sannan na yi guɗa.

Ni ban iya guɗa ba. Ban taɓa yi a gaban mutane ba. Ranar, ban san abin da ya hau kaina ba, na kama hanci na gwada. Ta fito rabi, kamar akuya ta shaƙe, ta mutu a iska. Babu wanda ya amsa sallamar. Wata mata da ke ƙulla masa ta tsaya da leda a buɗe a hannunta. A shirun nan ne na fara kallon fuskoki, a karo na farko tun da na baro Parakou, na ga idanu duk sun kumbura.

Gwaggo ta taso daga bakin ɗakin Hajiya. Tana da ciwon gwiwa, amma ban taɓa ganin ta yi sauri kamar ranar ba. Ta kama wuyan hannuna, farcenta ya shiga.

"Sauke," ta ce a hankali. "Sauke kayan nan."

"Gwaggo, lafiya?"

"Yau kika san ana tambayar lafiya? Bashiru ya rasu shekaranjiya. Motar shanu ta faɗi da su a hanyar dawowa. Yau sadakar uku."

Na so ƙasa ta buɗe. Ba ta buɗe ba, siminti ne. Gwaggo ta fara jana zuwa ƙofa, kuma da ta yi nasara da abin ya tsaya nan. Sai muryar Hajiya ta fito daga ɗaki, irin dishewar da na kira mura.

"Safiya, bar ta ta shigo. Ta sha hanya."

Wata tsohuwa ta cire mayafinta na biyu ta yafa mini a kan atamfar ruwan lemon nan. Na shiga. Rikicewa ta sa na shiga da kwalin, na dire shi a bakin ƙofa, hoton yana kallon ɗaki. Hajiya na zaune a kan darduma. Gefenta mahaifiyar Bashiru, ƙaramar mace, ta zuba wa bango ido. Nafisa na lungu da farin hijabi, wayarta a cinya, lallen da aka fara yi mata ya tsaya a hannu ɗaya.

Na durƙusa. Gaisuwar ta'aziyya da kowane yaro ya iya ta gudu daga kaina. Na ce, "Hajiya, ya... ya haƙuri. Ban sani ba. Wallahi ban sani ba."

"Haƙuri sai ma'abocinsa," ta ce. "Na aiko miki saƙo, ɗiyata. Wataƙila bai shiga ba."

Ta ba ni ƙofar fita, kun gani. Ƙarya ɗaya ce tsakanina da tsira. Kafin in kama ta, Nafisa ta yi magana ba tare da ta ɗago ba.

"Ya shiga, Inna. Ta amsa. Ta ce a cike fom." Ta taɓa wayar da ke cinyarta. "Na safe ma ya shigo. Kwana biyu ya rage."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Da faɗa ne da na ji sauƙi, don faɗa na iya. Na sunkuyar da kai ina kallon zanen darduma. Wata malama daga cikin matan ta ce a yi wa mamaci addu'a, kowa ya ɗaga hannu, ni ma na ɗaga, ina godiya ga Allah da ya kawo abin da zai ɗauke idanu daga kaina. Ana cikin salati wani abu ya faɗo mini a rai kamar dutse. Minti goma sha biyar. Wayata na cikin jaka, jakar na ƙarƙashin mayafin aro, hannuwana biyu na sama. Na fara lissafin minti nawa na yi a tsakar gida. Ban gama ba aka shafa, kuma a daidai shirun da ke biyo bayan amin, wayar Nafisa ta yi ƙara.

Tun Laraba dangi ke turo gaisuwa daga Kumasi da Cotonou da Yamai, ita ke karanta wa iyayen. Don haka Hajiya ta ce, "Wane ne? Karanta mana."

Na ce, "Nafisa, don Allah..."

Ta riga ta fara. "Amarya, kayanki sun iso." Ta tsaya. Ta ɗago ta kalle ni, karo na farko. Sannan ta mayar da ido ta karanta sauran har ƙarshe, da murya ɗaya, kamar mai karanta allo. "Muna fata sun yi miki kyau kamar yadda kika yi wa ango kyau. Tauraro nawa za ki ba mu, daga ɗaya zuwa biyar? Ra'ayinki yana da muhimmanci a gare mu."

Tsohuwar da ta ara mini mayafi ta ce, "Tauraron me?"

Nafisa ta yi dariya, guda ɗaya, gajeriya. Sai dariyar ta juye. An ce tun ranar Laraba ba ta yi kuka ba, har ana tsoron shirun nata. To ni na buɗe shi. Kuka ne irin wanda ke fitowa daga ciki, ta kife a cinyar uwarta, matan tsakar gida suka ɗauka, malamar na cewa a yi haƙuri, addu'a yake bukata ba hawaye ba. Mahaifiyar Bashiru ta miƙe. Za ta fita dole ta bi ta gefen kwalina. Ta tsaya ta kalli ɗanta yana dariya jikin mota, da furannin da na zagaye shi da su, da Allah Ya Bar Mu Tare. Ta ɗauke ƙafa ta wuce sashensu. Ba ta kalle ni ba. Amma ta kalli Gwaggo.

Ban san yadda na tashi ba. Na dai san na rungumi kwalin zan fita, sai Nafisa ta ce daga cinyar uwarta, "Tsaya." Ta taso, ta ɓare salatif ɗin a hankali don kada hoton ya yage, ta cire maficin da ke waje. "Ba mu da wanda aka wanke," ta ce. "Duk a waya suke." Ta koma lungunta da shi.

Daga gidan zuwa ɗakin Gwaggo tafiyar minti goma ce. Tana gaba tana ɗingishi, ina baya da kwali a ka da mayafin mutane. Da muka shiga ta zauna a bakin gado, ta miƙe ƙafar mai ciwo.

"Ciro wayar."

"Gwaggo, ki yi haƙuri, manhajar ce take..."

"Ban san ta ba. Ba ita na riƙa ba. Ciro saƙon Hajiya ki kunna. Kuma ki tsaya a tsaye."

Na buɗe allona. Kunya ta sa na karkata wayar don kada ta ga sunan layin, na manta ba ta karatu. Na kunna.

Minti biyu na farko gaisuwa ce. Matar da aka binne surukinta awa ɗaya kafin nan, ɗan da ta goya, ta tambayi lafiyata, ta tambayi aikina, ta tambayi masu gidan da nake haya, ta tambaya ko ciwon kan da Safiya ta ce ina yi ya sauka. Ana jin muryoyin mata a bayanta. Sannan ta faɗa. Ta ce ba ta so in ji a bakin hanya, shi ya sa ta kira da kanta, don labarin mutuwa ba a rubuta shi. Minti na ƙarshe haƙuri take ba ni. Wai ta san na sha wahalar aikin, in yafe musu, kada in ɗauko kaya in sha hanya a banza.

Ya ƙare.

"Minti nawa?" in ji Gwaggo.

"Huɗu."

"Huɗu." Ta gyaɗa kai. "Ni shekara talatin."

A nan tsaye na goge saƙon Asabar da na Lahadi. Na Lahadin cewa yake, "Ranar farin ciki ta zo." Da na danna gogewa, manhajar ta tambaye ni ko na tabbata. Ita kaɗai ce a duk makon nan ta tambaya kafin ta yi abu, shi ma don an gina ta haka ne.

Washegari Gwaggo ta koma gidan ita kaɗai, ta durƙusa da gwiwar nan a gaban mahaifiyar Bashiru. Har aka yi arba'in kullum tana can tana wanke tukwane tare da yaran da ta yi wa iyayensu wankan aure. Babu wanda ya kore ta, babu wanda ya gaya mata baƙar magana. Gidan masu goro ba sa haka. Hajiya ma ta aiko mini da cewa komai ya wuce. Amma da shekara ta zagayo aka tashi aurar da ƙanwar Nafisa, wata mata aka kira daga wata unguwa ta yi wankan. An gayyaci Gwaggo kamar kowa, ta zauna a tsakar gida kamar kowa, aka ba ta mafici ɗan Cotonou. Ba ta taɓa ce mini ni na jawo ba. Da ta faɗa sau ɗaya da na samu abin da zan yi gardama da shi.

A Djougou yanzu sunana Mai Tauraro. Har yaran da ba su san labarin ba haka suke kirana, suna zaton yabo ne.

Ina amfani da allon har gobe, ba zan yi muku ƙarya ba, yana hana ni rikita rana da launi. Amma na kashe duk saƙon da ke tafiya da kansa, don manhaja ba ta zuwa jana'iza, ba ta san wanda ya kwana bai tashi ba. Layin Surutu na nan, na mayar da shi farkon allo, na canza masa suna zuwa Saurara Tukuna. Vokal ko na minti tara ne ina jin sa har ƙarshe, ina cije haƙora, in amsa da murya, in tambayi gida da yara da wanda ya ji jiki bara. Har yanzu gaisuwar tana ƙona mini rai. Bambancin kawai, yanzu na san abin da kan biyo bayanta.

Kwalin yana ƙarƙashin gadona. Ba na iya zubarwa, akwai sunan Allah a jiki. Ba na iya ƙonawa, akwai fuskar mamaci. Idan zafin Maris ya sauko aka ɗauke wuta a Banikanni, ina kwance a kan mafici ɗari uku ba ɗaya, ina fifita da murfin tukunya.